Zakaran Da Zinarin Olamfik Ya Ƙi

Jama'a, akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a majalisarmu ta bayan La'asar, ga shi har yau ba mu raba ta ba. A kan wani ɗan Koriya ta Kudu ne, Lee Dae-hoon, gwanin takwando, wato wasan nan na shuri da ƙafa.

Mu dai da dambe muka tashi, takwando kuwa yaranmu ne suka shigo mana da shi gida. Su suka zaunar da mu gaban talabijin a watan Agusta na 2016, lokacin wasannin Olamfik na Riyo, suna cewa yau za mu ga aiki. Ba ƙarya suka yi ba wajen yabonsa. Yana da shekara 18 ya ci zinari a wasannin Asiya na 2010, ya zama zakaran duniya a 2011, ya maimaita a 2013. A Landan a 2012 azurfa ya samu, bayan ya matse jikinsa zuwa kilo 58, domin Olamfik aji huɗu kacal ke gare ta na maza, ajinsa na kilo 63 ba ya ciki. Dogon mutum ne, sai ku auna irin yunwar da ya sha.

To, a Riyo sai ga wani saurayi daga Jodan, Ahmad Abughaush, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, ya doke shi 11 da 8. Yaranmu suka yi tsit. Shi kuwa Lee, maimakon ya sunkuyar da kai ya fice, sai ya tafa wa yaron, ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Kai! Wannan ɗan gidan mutunci ne." Abughaush ya wuce ya ci zinari, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa. Lee ya tashi da tagulla, yana ɗingishi.

Daga nan muka rabu biyu. Wasunmu suka ce wanda ya je Olamfik ya kasa ɗauko zinari, komai kirarin da za a yi masa, da sauransa. Wasu suka ce a duba dai. A 2017 a garin Muju, can ƙasarsu, ya sake zama zakaran duniya karo na uku. Wannan gasa ba ma mantawa da ita, don a nan ne Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci ajin masu nauyi, muka yi ta murna kamar ɗan unguwarmu ne. A 2018 Lee ya cika zinari uku a jere a wasannin Asiya.

Tokiyo ce ta rage masa. A 2021 ya je, Ulugbek Rashitov na Uzbekistan ya fitar da shi a karawarsa ta farko, tagullar ma ta kuɓuce masa a hannun ɗan Sin. Nan take ya ce ya aje wasa.

Gaskiya mu iyaye abin da ke cinmu daban ne. Muna biyan kuɗin horo da na farar riga, yaro ya je gasa a doke shi, ya dawo ya ƙi cin tuwo, wani ma ya zagi alƙali. Makon jiya aka doke ɗayansu, muna tsaye muna kallo. Ya ɗan yi jim, sa'annan ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, amma ɗagawa sama dai bai ɗaga ba.