Jaz da kalangu a wani situdiyon D-Line

A Diobu ta Fatakwal na tashi, kusa da kasuwar Mile 1, inda mahaifina ke sayar da albasar Aliero. Kiɗan da na sani shi ne na finafinan Kano: fiyano Yamaha ɗaya ta ba ka ganga da sarewa, a ɗora murya, kwamfuta ta miƙe ta. Da wannan sanin na shiga wani ɗan situdiyo a D-Line a 2016, aikina naɗe wayoyi da sayo man janareta.

Maigidan, da muke kira Oga, dattijo ne mutumin Kalabari. Bai bar ni na taɓa na'urar haɗa sauti ba sai da na sha saurare. Ya fara da Rex Lawson, mai busar nan da ya rasu a 1971, wanda har gobe Fatakwal ke tutiya da shi. Daga nan sai fayafayan Blue Note da Rudy Van Gelder ya ɗauka a Amurka. Yakan ce, "Malam, rufe ido. Ina mai ganga ya zauna?" In nuna dama, ya ce, "To mai busa fa?"

Masu jaz tare suke kiɗa a ɗaki ɗaya, kowa na kallon idon ɗan'uwansa, don haka ganga kan kutsa cikin makirfon fiyano. Oga ba ya yaƙi da wannan. Makirfo biyu a saman ganguna, SM57 a bakin ƙaramar ganga, na sakzafon kuma a ɗan kauce da shi daga bakin ƙahon don kada sautin ya yi kaifi. Wajen haɗawa ba a matse sauti sosai. Inda makaɗi ya sassauta a bar shi a sassauce, numfashin mai busa ma ba a goge shi. Ni dai a wurina nan daɗin yake.

Garin kansa sai an yi haƙuri da shi. Ruwa ya sauko kan kwano, a dakata. A ƙarshen 2016 wani baƙin hayaƙi ya fara sauka a Fatakwal, kullum da safe sai na bi maɓallan na'ura da burushi.

Wata rana na roƙi Oga in kawo mai kalangun mahauta daga mayankar Trans-Amadi. Ya yarda. Da ya matse kalangu a hammata, muryar kalangun ta hau ta sauko, mai babban garayar Turawa ya bi shi, sai sautukan biyu suka cakuɗe. Oga ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na rage kaurin kalangun kaɗan, na tura shi hagu, na bar garayar a tsakiya, kowa ya fito sarai.

Mai kalangu ya miƙo wayarsa ya ce, "Ɗan'uwa, tura mini." Kashegari mahauta na fiɗa suna jin kiɗan a lasifika.