Taron da Ba Shi da Jagora: Tunani Kan Dandalin Tahrir



Har yau ina yawan tuna kwanaki 18 na Dandalin Tahrir a Alƙahira, daga 25 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2011, ranar da Hosni Mubarak ya sauka. A kan gaba wajen kiran taron akwai wani shafin Facebook da aka buɗe don Khaled Sa'id, matashin da 'yan sanda suka kashe a Iskandariyya a 2010. Mai kula da shafin ya ɓoye sunansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Juma'ar 28 ga Janairu. Gwamnati ta katse intanet da wayoyin salula, tana zaton ta toshe bakin jama'a. Ina! Mutane suka kwararo daga masallatai bayan sallah, domin lokacin Juma'a ba sai an aika wa kowa da saƙo ba.

To amma kyamara ba ta iya hira da dubban mutane, fuska guda take nema. Da aka sako Wa'il Ghonim ranar 7 ga Fabrairu, ya zubar da hawaye a tashar Dream, sai 'yan jarida suka ɗora masa rawanin da shi kansa yake gudu. A ganina a nan matsalar take: talabijin ce ta naɗa shi, ba wanda ya wakilta shi ya zauna da sojoji. A ƙuri'ar raba-gardama ta Maris 2011 yawancin ƙungiyoyin matasan dandalin sun ce a ƙi gyaran tsarin mulki. 'Yan'uwa Musulmi, masu rassa har ƙauyuka, suka ce a amince, kuma kashi 77 cikin ɗari suka amince.