Awon Fili da Duba Gini Kafin Sayen Gida a Ƙasar Daura

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, birnin Daura ya faɗaɗa fiye da yadda aka saba gani, domin zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da asibitin sojojin sama, da kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya sa gonakin da ke bayan gari sun koma fulotai, kuma gidajen da a da gado ne kaɗai ke sauya musu hannu sun shiga kasuwa. Sai dai hanyar cinikin ba ta sauya da saurin da garin ya sauya ba: har yau mutane da yawa suna biyan kuɗin da suka shekara goma suna tarawa bisa maganar dillali, da shaidu biyu, da takarda mai ɗauke da hatimin mai unguwa, ba tare da an auna filin ko an duba ginin ba. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin asarar gida ba ta tsayawa kan mai saye, takan bi 'ya'yansa har zuwa ranar rabon gado.

Abin da jama'a ke kira safiyo ya ƙunshi ayyuka daban-daban, kuma kowane aiki yana kawar da shakku iri guda ne kawai. Na farko shi ne awon iyaka, wato ma'auni mai lasisi, wanda Hukumar Rijistar Masu Safiyo ta Nijeriya ta yi wa rijista, ya zo da na'urarsa ya ɗauki ma'aunin kusurwoyin fili, ya kafa duwatsun siminti masu lamba a kowace kusurwa, sannan ya zana taswira mai nuna faɗi da tsawo da maƙwabta, ya sa hannu da hatimi. Amfanin wannan taswira shi ne, lambobin da ke kanta suna nuna wuri guda tak a doron ƙasa, ta yadda ko an tumɓuke dutse ana iya mayar da shi gurbinsa. A da iyakar gona a ƙasar Daura ita ce shingen aguwa, ko layin gamba, ko wata bishiya da kowa ya sani, kuma waɗannan alamomi sun wadatar a zamanin da dattawan da suka shaida rabon suke raye, amma gonar da aka yanka fuloti ashirin ba ta da aguwa, ba ta da gamba, kuma masu sayen sau da yawa ba su san juna ba. Fulotin da ake cewa hamsin da ɗari, wato ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, kimanin murabba'in mita 465 ke nan, yakan zama ya gaza haka idan aka sa masa ma'auni, ko dai saboda maƙwabci ya ci ƙafa biyu lokacin da yake ɗora katanga, ko kuma saboda mai yankan ya ƙidaya wani ɓangare na hanya a cikin filin.

Awon iyaka kansa bai isa ba sai an haɗa shi da aiki na biyu, wato bincike a ma'aikatar filaye da ke Katsina, kuma nan ne doka ta shigo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mutum yake saye haƙƙin zama ne, wanda a cikin birni gwamna ke bayarwa, yawanci na shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke bayar da na gargajiya. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar filaye ta 1910 da ta 1962 sun riga sun ɗora ƙasa a hannun hukuma. Dokar ta 1978 ta kuma shar'anta cewa sayar da fili mai takardar gwamnati ko jinginar da shi yana buƙatar amincewar gwamna, kuma ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, inda diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Idan aka ɗora taswirar fili a kan babbar taswirar gwamnati, nan ne ake gane ko ya faɗa cikin hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko cikin burtali, ko harabar makaranta, ko kuma an riga an ba wani takarda a kansa ya kai ta banki. A gari irin Daura, inda manyan ayyukan gwamnati suka ci filaye masu yawa a 'yan shekaru, tsallake wannan mataki ganganci ne.

Wannan ba ya rage darajar mai unguwa da dagaci da hakimi, domin akwai tambayar da su kaɗai ke iya amsa ta, wato wane ne ainihin mai gidan, da kuma yadda ya same shi. Na'urar awo ba ta san cewa gidan gado ne ba, ba ta san cewa akwai wata 'yar marigayi da take aure a Mai'aduwa ko Zango, ko ma a tsallaken iyaka wajen Damagaram, wadda ba a nemi yardarta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na wannan yanki ke bi, akwai haƙƙin shuf'a, ma'ana idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan wannan kuɗi ya karɓe kason. Saboda haka mai sayen gida a tsoffin unguwannin da ke kewaye da fadar sarki da rijiyar Kusugu ya fi buƙatar takardar rabon gado daga alƙali da sa hannun dukkan magada fiye da komai, sannan awo ya biyo baya. Mai sayen fuloti a sabon yanki kuwa, hatimin mai unguwa ba zai kare shi daga taswirar gwamnati ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ɗayan waɗannan hujjoji biyu, shaidar mai unguwa da taswirar gwamnati, a madadin ɗayan.

Aiki na uku shi ne duba lafiyar ginin, wanda injiniyan gini ko ƙwararren magini ke yi, kuma shi ne aka fi rainawa, don ana ganin ido ya isa. Alhali fenti sabo yana ɓoye tsagewar bango, silin yana ɓoye katakon da gara ta cinye, kuma gidan ƙasa da aka yi wa shafen siminti yakan riƙe danshi a ciki har gindin bangon ya zaizaye ba a sani ba. A soro mai rufin azara, abin dubawa shi ne ƙarshen azarar da ya shiga bango, da daɓen sama, da inda indararo ke zubar da ruwa, domin indararon da ke zuba a gidan maƙwabci rigima ce da ake saye tare da gidan. A ginin bulo kuwa ana duba zurfin harsashi, da ƙarfin bulon, da tazarar da ke tsakanin masai da rijiya. Mafi haɗari shi ne gidan da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, domin ƙasar tana ci gaba da lotsawa shekaru bayan an gama gini. A nan tsofaffin unguwa sun fi kowa sanin inda ruwa yake kwanciya a da. Wanda ya samu hali ya ga gida a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, zai ga abin da ba ya bayyana da bazara.

Akwai kuma ƙimanta darajar gida, aikin da masana ƙimar kadara ke yi, wanda ya fi zama dole idan banki zai ba da rance, ko za a raba gado da kuɗi. Mai sayen ƙaramin gida yana iya wadatuwa da kwatanta farashin gidajen da aka sayar kwanan nan a unguwar.

Hujjar da aka fi kawowa ta ƙin yin awo ita ce tsada da kunya. Game da tsada, kuɗin ma'auni da na injiniya a haɗe ƙaramin kaso ne na farashin gida, kuma sau da yawa bai kai abin da shari'ar iyaka ke ci a shekara guda ba. Game da kunya, ana jin cewa kawo ma'auni gidan ɗan'uwa ko surukin aboki zargi ne, alhali shari'a ta hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba, kuma ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani. Awo yana kare mai sayarwa na gaskiya kamar yadda yake kare mai saye, tun da yana rufe ƙofar da'awa bayan shekaru. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: mai saye ne zai zaɓi ma'auni ya biya shi da kansa, ba dillalin da la'adarsa ta rataya ga ƙulluwar ciniki ba, a yi awon a gaban maƙwabta da mai unguwa, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa kafin alƙalami zai dawo idan binciken ya nuna matsala.