Yadda Maraɗi Ta Raba Ni Da Gaba

'Yan uwana, muna aji biyar na sakandare a Katsina, mu 12 muka kafa ƙungiyar sa-kai. Duk Asabar sai mu je asibiti mu yi wa majinyata shara da wanki. Aiki dai na lada, amma zukata ba daɗi. Ni da wata yarinya wata uku ba ma ga-maciji, don an ce ta ce wai neman suna ke kawo ni.

Malamarmu ta gaji da mu, ta ce ran Juma'a za ta kai mu Maraɗi, ƙasar Nijar, mu kwana biyu ko ma haɗa kai. Da ƙyar Baba ya yarda.

Muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, sai Maraɗi. Hausa dai ake yi, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa, kuɗin ne kawai sefa. Na canza nairorina kaf, muna shiga kasuwa jakata ta ɓace. Na tsaya hawaye shaaa, ƙasar mutane, ko na ruwa babu.

Wa zai dafa ni in ba ita ba? Ta kwance bakin gyalenta, ta raba kuɗinta biyu.

"Haba 'yar uwa, share hawayenki."

Daren nan muka fayyace komai. Ashe wallahi ba ta taɓa faɗa ba, mai kawo gulmar ce ta ƙulla.

Don Allah 'yan mata, in aka ce "an ce", ku je ku tambaya. Yau ita ke fara karanta duk littafin da na rubuta.