Mai Riƙe da Igiya

A Rano da Kibiya, hawan ƙaho wasan mahauta ne. Idan kaka ta yi, ko ana bikin naɗin sarauta, sai a fito da bijimi ɗaure da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya. Masu kalangu su saki take, saurayi ya fito da warki da layu, ya yi kirari, ya faɗa tsakanin ƙahonni ya rungume wuyan sa. Idon baƙi yana kan saurayin. Mu da muka taso a can mun san wasan yana hannun dattijon da ke gefe.

Irin wannan dattijo shi ma ya hau a zamaninsa. Ya fara da bin mahaifinsa mayanka, ya koyi jan igiya, sannan aka bar shi ya hau. Tabon ƙaho a haƙarƙarinsa shi ne takardar shaidarsa. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya koma kusa da Sarkin Pawa, ya zama mai cewa wa zai hau, yaushe za a sassauta igiya, yaushe za a ja.

Amurkawa ma suna hawan shanu. A can mahayi yakan zauna a bayan sa na daƙiƙa 8, riƙe da hannu ɗaya. Alƙalai su ba da maki cikin 100, rabi na mahayi, rabi na san. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, wannan lissafi yana burge mu, don sana'armu ta awo ce. Sai dai maki yana zuwa ne bayan an hau. Hukuncin dattijonmu kafin a hau yake. Zai dubi kunnen sa, ya dubi ƙafar yaro, ya ce, "Kai, ba yau ba." Wannan kalma ta mayar da 'ya'yan mutane gida da ransu.

Yanzu bidiyon hawan ƙaho yana yawo a TikTok. Ana nuna tsalle, ba a nuna masu igiya, yara kuma suna kallo suna sha'awa. Dattawan nan suna ƙarewa, saninsu ba a rubuce yake ba. In kun je kallo bana, ku juya wayar wajen dattijon, ku tambaye shi me ya gani.