TSOHUWAR BASHE DA AMANAR ZANGO



Kowace al'umma tana da wasu 'yan kayayyaki waɗanda ba mallakar mutum ɗaya ba ne, amma kowa yana da haƙƙi a cikinsu: makarar masallaci, manyan tukwanen biki, tabarmin zaman makoki, rijiyar bakin kasuwa. Mu Hausawan Nano, cikin irin waɗannan kaya namu har da mota guda, ƙirar Peugeot 404, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, irin wadda a nan ƙasar ake kira bashe, a Nijeriya kuwa a-kori-kura. Ta girmi mafi yawan masu hawanta. A bana maganarta ta kai gaban Sarkin Zango, ko a sayar da ita ko a sāke mata inji. Da yake littafin asusunta a hannunmu yake, mun ga ya dace mu shimfiɗa zancen a fili, domin wanda za a nemi gudummawarsa ya san abin da zai sa kuɗinsa a kai.

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a Faransa a shekarar 1960, basharta kuma ta biyo baya a 1967. Sunanta ya kafu a Afirka ne a kan hanyoyin da ke karya sauran motoci: sau huɗu tana cin gasar Safari ta gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1975, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. A 1975 ɗin ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, ta yi kusan shekara talatin tana fitar da ƙanwarta 504. Shi ya sa daga Dakar har Njamaina da wuya a sami garin da babu wanda ya taɓa kwance injin Fijo ya mayar.

Tamu ta zo ne ta hannun marigayi Sarkin Zango, mahaifin na yanzu, wanda ya saye ta a Sokode a wurin wani direba Bakotokole, tana da shekarunta tun a lokacin. Falke ne mai fataucin goro, kuma hanyar da kakanninsa suka bi da jakuna daga Kano ta Sansanin Mango zuwa Gwanja, ita ce ya koma bi da ƙafa huɗu na roba. Motar ta san tsagar dutsen Alejo, ta san Bafilo da Kara, ta san gangaren Defale inda direba ke kama tasbihi da hannu ɗaya, giya da ɗaya. Da tsufa ya zo masa, sai ya tara dattawa ya yi waƙafinta ga Zango a kan abu uku: kai marar lafiya asibiti, ɗaukar gawa, da kai amarya. Daga ranar ta fita daga gado ta shiga amana. Mata nawa ta kai babban asibitin Dapaong cikin naƙuda, iyayenmu nawa ta raka makwancinsu, littafi ya riƙe adadin, amma kowane gida ya riƙe nasa a zuciya.

Masu tambayar yadda ƙarfe ya kai wannan shekaru yana motsi, amsar ba asiri ba ce. Injinta mai silinda huɗu ne, an kishingiɗar da shi gefe guda a cikin bonet, har mai gyara yana iya sa hannu ko'ina ba tare da ya roƙi kowa ba. Babu kwamfuta a cikinta. Mai yana bi ta kafireta, wuta tana bi ta kwayil da kwantak zuwa fulogi, kuma duk abin da ya lalace ido yana ganinsa ko kunne ya ji shi. Babbar hikimar maƙeranta ita ce rigunan silinda, waɗanda ake zarewa idan sun cinye a sa sababbi, tamkar yadda ake sāke ƙotar fartanya ruwanta yana nan. Injin da aka yi wa haka ya koma saurayi, ko da gangar jikin ta yi furfura.

Sai dai ƙira ba ta isa ba in babu kulawa, kuma kulawar tamu da yanayin ƙasarmu take tafiya. Da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe duwatsun Nano har ba a hango kogunan Nok, matatar iska ce abin tsoro. Ana kwance ta a wanke a zuba mata sabon mai, domin ƙurar da ta shiga inji tana cin silinda kamar yadda yashi ke cin tukunya. Da bazara, a Maris da Afrilu, ido yana kan lagireto da fanbel, kuma ruwan sama da aka tara a randa ake zuba mata, saboda ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da ke toshe hanyoyin ruwa. Da damina kuwa tsatsa ce abokiyar gaba: a wanke taɓon ƙarƙashinta, a cika giris a kowace gaɓa, a duba sifirin na baya ganye-ganye. Man kwalba na bakin hanya ba ya shiga tankinta sai an tace shi da farin ƙyalle. Kowace Juma'a bayan an sauko, ko babu inda za ta, sai an tayar da ita ta zaga gari, domin zama ya fi tafiya kashe tsohuwar mota: batir ya mutu, robobi su bushe, burki ya kame. Rigakafi, in ji magabata, ya fi magani.

Littafin asusunta kansa tarihi ne. Shafukan farko da ajami marigayi ya rubuta su, da tawadar allo, kowane fulogi da kuɗinsa, kowace taya da ranar da aka sa ta. Wanda ya bi shafukan a hankali zai ga inda lissafi ya yi tsalle: watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Dare ɗaya kayan gyaran da ake kawowa daga Turai ta Lome suka fi ƙarfin aljihun Zango. Daga nan fuskarmu ta juya ga 'yan uwa. Abin da aka rasa a Dapaong a aika Sokode. Abin da Sokode ta rasa a ba mai kai shanu Kumasi sallahu ya duba a Suwame Magazin. Wani lokaci a rubuta wa ɗan uwa a Kaduna ya leƙa Panteka, ko a Kano ya shiga Ƙofar Ruwa. Abin da aka rasa ko'ina, mai injin gurza ƙarfe ya ƙera shi daga samfurin tsohon.

A wannan aike-aike ne muka gane cewa motar harsuna biyu take ji. Abin da makaniken Dapaong ke kira buji, ɗan uwanmu na Kano fulogi ya sani. Radiyatarmu ita ce lagiretonsu, karbiratarmu ita ce kafiretarsu. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta ratsa har cikin bonet. Amma takarda in ta tafi da Hausa, da ɗan zanen abin a gefe, kayan suna isowa daidai, a cikin buhun goro ko ƙarƙashin kujerar direban tirela, sau da yawa ba a karɓi ko dala ta ɗauko ba. Idan aka buɗe motar nan yau, za a sami Kumasi da Kaduna da Lome da Sokode suna aiki tare a ciki. Taswirar zumuncinmu ce da aka zana da ƙarfe.

Ciwonta na yanzu ba ƙarami ba ne. Tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar yadda take shan fetur, kuma hawan da take yi da giya ta uku ya koma sai da ta biyu. Makanike ya saurare ta ya ce rigunan silinda da fistin da zobbansu da gaskit duk sun nemi canji. Ana cikin haka sai ga masu saye biyu: ɗan gwangwan da zai auna ta a kilo, da wani dillali daga Lome wanda ya ce a Faransa akwai masu tara irinta, ya kuma yi tayin da ya sa majalisa ta yi tsit.

Matasanmu suka ce a sayar, kuma wajibi ne a faɗi hujjarsu da adalci, domin su ne ke zuba mafi yawan kuɗin asusun daga guminsu. Suka ce kayan 404 kullum ƙara wuya suke yi, jabu kuma ya cika kasuwa. Suka ce fetur ya yi tsada, musamman tun da Nijeriya ta cire tallafi a watan Mayu na 2023, ita kuwa tsohuwa ba ta san tsimi ba. Suka ƙara da abin da ya fi nauyi: tun watan Yuni na 2022 yankinmu na Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, kuma mota ta mutu da dare a daji da marar lafiya a ciki ba abin wasa ba ne a wannan zamani. Da kuɗinta, in ji su, a sayi babur mai ƙafa uku, ko a cika a sayi Toyota ta hannu daga tashar jirgin ruwan Lome.

Dattawa suka ce sun ji, amma kowane allazi da nasa amanu. Motar zamani in ta yi gardama, sai an kai ta inda ake da na'urar karanta kwamfutarta, alhali wannan ana iya lallashinta a gindin bishiya da sifana da filaya. Mai ƙafa uku kuwa yana da amfaninsa wajen buhun masara, amma wa zai so a ɗora mahaifiyarsa a kansa, tana naƙuda ko tana cikin likkafani, a kan hanya mai gargada? Aka juya ga Liman a kan hukuncin waƙafi. Ya bayyana cewa a mazhabarmu ta Malikiyya, abin waƙafi mai motsi, kamar dabba ko kayan aiki, idan amfaninsa ya ƙare ana sayar da shi a sa kuɗin a cikin irinsa. Amma muddin yana iya aikin da aka tsayar da shi dominsa, ba a sayar da shi don kawai an ga farashi mai kyau. Tambaya ta koma guda: amfaninta ya ƙare, ko bai ƙare ba?

A nan ne aka taɓo ainihin ciwon, wanda ba a cikin inji yake ba. Mutum ɗaya ya rage a Dapaong da muka amince ya buɗe cikinta, wani dattijo ɗan ƙabilar Moba da ya koyi sana'a a garejin Sokode, yana jin Hausa kamar a Zango aka haife shi, kuma bai taɓa karɓar ladan aiki ba idan gawa motar za ta ɗauka. Idonsa ya fara rauni, yaran garejinsa kuma duk sun koma gyaran babur, inda kuɗi ke shigowa kullum. Ranar da ya ajiye sifana, ko an cika ɗaki da sababbin kaya, motar ta zama gawa. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san wannan: littafi ba ya karantar da kansa, sai da malamin da ya ji daga malami. Ashe gyaran mota ma silsila gare shi, kuma tamu saura ƙiris ta yanke.

Sarkin Zango ya kwana biyu yana shawara, sannan ya yanke hukunci mai sharuɗɗa uku. Na farko, za a sāke injin, amma a gaban yaranmu biyu da iyayensu suka amince su zauna a garejin dattijon har su ƙware, Zango ya ɗauki nauyin abincinsu. Na biyu, motar ta yi sallama da doguwar hanya. Iyakarta Dapaong da Tanjuware da ƙauyukan kewaye, ba ta kuma fita da dare sai don ceton rai, da babur yana biye da ita. Na uku, daga bana za a raba abin da ke shiga asusu gida biyu, rabi na kulawa da ita, rabi a ajiye domin abin da zai gaje ta, saboda ranar da Liman ya ambata tana nan tafe, kuma gara ta same mu da shiri. Matasa ba su sami duk abin da suka nema ba, dattawa ma haka, amma kowa ya tashi yana ganin an saurare shi.

Abin da muka ɗauka daga wannan muhawara ya wuce mota. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar Moba, ba mu da gonaki masu faɗi, ba mu da manyan gine-gine da za su ba da labarinmu. Abin da ke riƙe da mu shi ne abubuwan da muke kula da su tare, kuma kulawa aiki ne marar tambari: babu mai yi wa wanda ya zuba giris kirari. Saye yana da daɗi, ana yinsa rana ɗaya a yi walima. Riƙo kuwa na kowace Juma'a ne. Al'ummar da ta saba jefar da abu da zarar ya fara tari, wata rana za ta yi wa harshenta da makarantunta haka.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa na Kumasi da Lome da Kaduna da Kano: wanda ya ci karo da rigunan silinda da fistin da zobba na 404 mai fetur, na asali, ya sanar da fadar Sarkin Zango kafin ya biya, domin a aika masa da awo, na 504 suna kama da su a ido, amma ba lallai su zauna ba. Wanda kuma yake da tsohon littafin gyaranta, ko da Faransanci ne, yaranmu biyu suna bukatarsa. Mai gudummawar kuɗi, komai ƙanƙantarta, za a rubuta ta a shafi ɗaya da na magabata.

Allah Ya jiƙan wanda ya yi wannan waƙafi, Ya kai ladan kabarinsa. Ya ƙara wa dattijon gareji lafiya, Ya buɗe basirar yaranmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa mu cika da amana. Amin.