Ina Harafin A Yake Zaune?

Wata safiya a ajina, nan Matameye, na ce wa ɗalibai su rufe ido su nuna mini inda harafin A yake. Kusan duka suka miƙa hannun hagu. Yaro guda, wanda ya daɗe a makarantar allo kafin a kawo shi lakwal, ya miƙa na dama. Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin kaina na tuna.

Ni ma da allo na fara. A can ba a jere muka koyi babbaƙu ba. Cikin surori muka tsince su, kowane da sunansa: ba guje, lam ara, mim jaye, nun guda. Har yau a zuciyata daga dama suke tasowa, suna gangarawa ƙasan allo. Da na shiga lakwal sai na iske haruffa 26 na Faransanci a saman tabulo, daga hagu zuwa dama. Tun ran nan suka miƙe mini tamkar hanyar Damagaram zuwa Kano: A a Damagaram, Z can ƙetaren iyaka. Ranar da na soma rubutu a kaye daga dama, mushe ya buge mini yatsu.

Ashe masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. A 1880 Francis Galton na Ingila ya ba da labarin mutanen da ke ganin lambobi jere a sarari. A 1993 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa masu karatu daga hagu sun fi saurin amsa ƙananan lambobi da hannun hagu, manya da na dama, kuma ɗabi'ar tana raunana wajen ƴan Iran da suka saba rubutu daga dama. A 2003 aka iske irin haka game da haruffa a Beljiyam. Ke nan yaron nan bai ɓata ba. Inda aka fara koya masa ya nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne, a kan wannan hanya tawa babu masaukin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. An buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar a 1999, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu sai na yi jim kafin in gano ƙ a ƙamus.

Saboda haka, ƴan uwana malamai, mu rataya haruffan Hausa cikakku a bangon aji tun shekarar farko, mu kuma tambayi yaro inda ya fara karatu kafin mu ɗaga bulala. Washegari na sa yaron ya rubuta babbaƙu a tabulo, daga dama, sauran suna kwafa.